Me kada yake yi a Tenere? Tambaya kan ƙasusuwan Gadufawa

Ɗan_Tawa62:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. A makon jiya na kai yarana Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, muka tsaya a rumfar da aka ajiye ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, a gaban wani kada wanda kansa kaɗai ya kusa kai tsayin babban mutum. An ce mana daga Tenere aka tono shi, a wani wuri da ake kira Gadufawa. 'Yar autata ta tambaye ni me kada yake yi a wurin da ko raƙumi ba ya samun ruwan sha, na rasa amsar da zan ba ta. Ni kuma tambayata ta wuce tata. Ta yaya mutum zai dubi busasshen ƙashi ya ce wannan dabba kifi take ci, waccan ganye, wannan kuwa ta shekara hamsin kafin ta mutu? Ilimi ne tabbatacce, ko kuwa shaci-faɗi ne da aka ɗinka wa babbar riga?

Malam_Habu_Duwatsu:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Tawa. Tambayar yarinyar ta fi sauƙin amsawa, saboda haka da ita zan fara. Ƙasusuwan Gadufawa suna kwance ne a cikin dutsen yashi, irin wanda yake samuwa idan kogi ya daɗe yana zubar da rairayi, wani bisa wani, har nauyi ya danne shi ya ƙame. A cikin wannan dutsen, gefe da gefe da kadan, ana samun ƙasusuwan manyan kifaye da ƙoƙunan kunkuru, kuma babu mai musun cewa kifi ba ya rayuwa a tudun rairayi. Kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, wurin fadama ne mai manyan koguna. Idan dabba ta mutu a bakin ruwa, ambaliya ta binne ta da wuri kafin ta watse, ruwan da ke ratsa ƙasa yakan riƙa cika ƙofofin ƙashin da ma'adinai sannu a hankali har ya zama dutse. Abin da hamada ta yi daga baya shi ne tonon asiri kawai, domin iska ce take share ƙasar da ke sama ta bar ƙashin a fili.

Masu neman yuraniyom na Faransa ne suka ci karo da wurin, sannan Philippe Taquet ya fara zuwa a 1965. Shi da France de Broin ne suka raɗa wa kadan suna Sarcosuchus imperator a 1966. Sauran jikinsa da yawa sai da ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya je a 1997 da 2000 aka same su.

Direban_Bilma:
Abin da Malam Habu ya faɗa game da iska gaskiya ne. Na yi shekaru ina tuƙi a gabas da Agadas, kuma na taɓa ganin ƙasusuwan baya a jere a kan ƙasa kamar an shirya tubali, kowanne ya fi kan mutum girma. Na ɗaga guda ɗaya na ji nauyinsa na dutse ne, ba na ƙashi ba. Abzinawan da muke tare da su sun ce ma'anar Gadufawa ita ce wurin da raƙuma suke tsoron shiga.

Dakta_Rabi_Dabbobi:
Malam Ɗan Tawa, ni likitar dabbobi ce, kuma ina so in tuna maka cewa abin da kake kira shaci-faɗi kullum ana yin sa a kara. Dillalin shanu yana buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa, kuma mahauci ba zai taɓa ɗaukar muƙamuƙin kare ya ce na akuya ne ba. Haƙori ba ya ɓoye abincin mai shi.

Misalin da ya fi burge ni shi ne wata babbar dabba mai cin ganye, Nigersaurus taqueti, wanda aka raɗa wa suna a 1999, shi ma daga Gadufawa. Tsawonsa kimanin mita 9 ne, amma bakinsa mai faɗi ne, a miƙe kamar bakin shebur, kuma duk haƙoran suna jere a gaba. Da aka sa ƙoƙon kan a na'urar ɗaukar hoto irin ta asibiti, aka ga cewa a bayan kowane haƙori akwai wasu a layi suna jiran gado, har guda tara, jimilla fiye da haƙora 500. Da aka ƙirga layukan da haƙori yake ajiyewa kullum yayin da yake girma, aka gano cewa cikin 'yan makonni kaɗan yake sauya haƙori. Duk makiyayi ya san dalili, domin dabbar da take kiwo daf da ƙasa tana haɗawa da rairayi, rairayi kuwa yana cinye haƙori. Abin da ya bambanta shi da saniya shi ne ba ciyawa irin tamu yake ci ba, saboda a lokacin ba ta mamaye duniya ba, wasu tsirrai ne masu taushi na bakin ruwa.

Suchomimus kuma, wani babban mafarauci mai tafiya da ƙafa biyu wanda aka samu a 1997, dogon baki ne da shi siriri kamar na kada, da haƙora masu tsini waɗanda ba su dace da yanka nama ba, sun dace da riƙe abu mai santsi. An kuma samu ɗan uwansa a Ingila a 1983, ana kiran sa Baryonyx, da ɓawon kifi a daidai inda cikinsa yake. Wannan kam ai kama ɓarawo ne da kaya a hannu.

Mai_Tantama:
Dakta, na yarda da batun haƙora. Inda nake da ja shi ne shekarun. Wa ya ƙirga miliyan 110? Na karanta cewa gwajin kabon da ake taƙama da shi ba ya wuce shekara 50,000, to ina aka samo sauran?

Malam_Habu_Duwatsu:
Abin da ka karanta daidai ne, Malam Mai Tantama, shi ya sa ba a amfani da kabon a kan waɗannan ƙasusuwa ko kaɗan. Ana amfani da wasu sinadarai masu jinkirin rikiɗa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne yuraniyom ɗin nan da ake haƙa a Arlit. Yuraniyom yana rikiɗa ya koma darma a kan ƙa'idar da aka auna, rabin nau'in da ya fi yawa yana rikiɗa a cikin kimanin shekara biliyan 4.5. Idan dutse mai aman wuta ya zubar da toka, akwai ƙananan ƙwayoyi a cikinta da suke kulle yuraniyom tun ranar da suka samu, sai a auna yawan darmar da ta taru a ciki. Ƙashin da ke tsakanin toka biyu, shekarunsa suna tsakanin nasu.

Amma ba zan ɓoye maka ba, ba kowane wuri ne yake da irin wannan toka ba. A wurare da dama na Nijar ana dogara ne da jerin duwatsun, wane ne a sama wane ne a ƙasa, da kwatanta dabbobin da na wasu ƙasashe inda aka yi awon. A nan kuskure yana iya shiga, kuma ya shiga. Jobaria, dogon wuyan nan da aka tono a yankin Ingal, da farko an ce ya kai shekara miliyan 135, amma a 2009 wasu masana suka sake duba duwatsun suka mayar da shi wajen miliyan 160 da 'yan kai.

Mai_Tantama:
To ka gani. Kuskuren shekara miliyan 25 ba na wasa ba ne, kuma ban ga abin da zai hana gobe a sake sauya magana ba.

Injiniya_Sani_Gusau:
Babu abin da zai hana, amma ka lura da cewa masu ilimin ne da kansu suka kama kuskuren, da hujjar da kowa zai iya zuwa Ingal ya duba. Kuma gyaran bai mayar da miliyoyin shekaru zuwa dubbai ba.

Basakkwace_na_Asali:
Ku gafarce ni in shigo da namu, domin kullum idan ana wannan magana sai a ce Nijar, kamar mu ba mu da komai. Na taso kusa da Kalambaina inda ake fasa dutsen farar ƙasa domin yin siminti, kuma tun muna yara muke tsintar duwatsu masu siffar katantanwa da wasu zagayayyu masu zanen tauraro a bayansu, muna wasan dara da su. Sai da na girma wani malami ya ce min halittun teku ne. Har yau abin yana ba ni mamaki, teku a Sakkwato, garin da a watan Afrilu ko inuwa zafi take yi.

Malam_Habu_Duwatsu:
Malamin naka bai yi ƙarya ba. A ƙarshen zamanin manyan dabbobin nan da kuma bayansa kaɗan, wani reshen teku mara zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya bi ta Mali da yammacin Nijar ya iso ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina tarin ɓawon halittun wannan teku ne, saboda haka duk wanda ya yi gini da simintin wurin, da ragowarsu ya yi. A duwatsun Dukamaje, waɗanda suka girmi na Kalambaina, an samu wata dabbar teku mai rarrafe wadda take farautar kifi, aka fara bayyana ta a 1930, sannan bayan da wasu Italiyawa suka samu ƙarin ƙasusuwa a yankin Goronyo aka sa mata suna Goronyosaurus a 1972. Akwai kuma wani dangin kada da aka sa wa Sokotosuchus a 1975. Wato sunan Goronyo da na Sakkwato suna cikin littattafan wannan fanni a duniya, mu ne dai ba mu sani ba.

Gwaggon_Yara:
A garinmu idan masu haƙar rijiya suka tono wani ƙaton ƙashi, tsofaffi sukan ce na Samudawa ne. Shin ba zai yiwu wasu daga cikin ƙasusuwan nan na mutanen da ba ne, aka ce na dabbobi ne? Kuma su mutanen lokacin, yaya suka zauna da irin wannan kada a bakin kogi?

Dakta_Rabi_Dabbobi:
Gwaggo, ƙashin mutum yana da siffarsa ko da ya kai girman rumbu, kuma babu ɗan Adam mai jela ko mai haƙori 500. Amma ba tsofaffinmu kaɗai suka yi irin wannan fassara ba. Sunan Jobaria da Malam Habu ya ambata an ɗauko shi ne daga Jobar, wata halitta a tatsuniyoyin Abzinawa wadda suke danganta ƙasusuwan da ita. Game da zama tare kuwa, ba su taɓa haɗuwa ba. Manyan dabbobin nan sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, bayan da wani dutse mai faɗin kimanin kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meziko. Ko Tumai, ƙoƙon kan nan da aka samu a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, wanda masana suke lissafawa cikin mafi daɗewa a dangin ɗan Adam, shekarunsa kimanin miliyan 7 ne kawai.

Ɗalibar_Tarihi:
Ina ganin abin da ke rikita mutane shi ne Tenere ta yi ruwa fiye da sau ɗaya. A shekarar 2000, ayarin Sereno suna neman ƙasusuwan dabbobi suka ci karo da maƙabarta a Gobero, inda daga baya aka gano kaburbura wajen 200 a gefen wani tafki da ya ƙafe. Mutanen farko sun zauna a wurin kimanin shekara 10,000 da suka wuce, suna kamun giwan ruwa, kuma akwai ƙasusuwan dorina da na kada irin na yau. A cikin mutanen da suka zo daga baya, an samu wata yarinya da awarwaron hauren dorina a hannunta, da wata mace da aka binne tare da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe. Kwalekwalen Dufuna da wani Bafulatani ya gano yana haƙar rijiya a Jihar Yobe a 1987, mai shekara kimanin 8,000, na wannan zamanin ne. Saboda haka mutane sun zauna da kada a Tenere, amma ba wanda Malam Ɗan Tawa ya gani a Yamai ba, domin tsakaninsu akwai fiye da shekara miliyan 100.

Alaramma_Ɗanjuma:
Ni ba masanin wannan fanni ba ne, amma ina so in ce wa Gwaggo kada ta ji ƙyashin binciken. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Labarin Samudawa kuwa yana inda yake, kuma ba mu da hujjar jingina musu kowane ƙashi da aka tono a rijiya. Batun Tumai da asalin ɗan Adam wata magana ce dabam wadda nake da ra'ayina a kanta, ba zan buɗe ta a nan ba.

Injiniya_Sani_Gusau:
Akwai gyara da nake son yi wa 'yan jaridarmu. Sunan "kakan ƙadangare" da ake kiran waɗannan dabbobi (dinosaur) da shi ba daidai ba ne. Ƙadangare ƙafafunsa a gefe suke, yana jan ciki, su kuwa ƙafafunsu a ƙarƙashin jiki suke a tsaye. Zuriyarsu da ta rage a yau tsuntsaye ne, kuma wanda ya dubi ƙafar jimina ko ta zakara da kyau, ya kwatanta da ta Suchomimus, zai ga kamar. Shi kuma Sarcosuchus ba ya cikin su ma, dangin kada ne na nesa, kuma ba shi ne kakan kadojinmu ba.

Gwaggon_Yara:
Wato Injiniya so kake in ce wa jikokina kazar da muka yanka da Sallah 'yar dangin wannan dodon ce. Sai na shirya tukuna.

Hadiza_Damagaram:
Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya dabam ne. Mafi yawan abin da aka tono a ƙasarmu, wanda yake son ya gan shi ko ya nazarce shi sai ya nemi biza. Akwai ƙwarangwal na Ouranosaurus, wata babbar dabba mai cin ganye daga Gadufawa, a birnin Banis na Italiya, kuma Spinophorosaurus na yankin Aderbisinat Jamusawa da Sifaniyawa ne suka tono shi. Ba mu kaɗai ba ne, domin abin da Jamusawa suka kwasa a Tendaguru ta Tanzaniya daga 1909 zuwa 1913 har yau yana Balin. Masu cewa a can ya fi tsira su tuna cewa ƙasusuwan Spinosaurus da aka ɗauko daga Masar sun ƙone ƙurmus a Munik a 1944, lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai. Birazil ta matsa wa Jamus lamba har aka mayar mata da wani burbushi nata a 2023, mu me muke jira?

Direban_Bilma:
Hajiya Hadiza, ina tare da ke, amma mu ma da namu laifin. Na sha ganin ana tallar haƙora da kibiyoyin dutse ga baƙi a Agadas a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba, kuma wanda ya sayar ba zai iya nuna inda ya tsinto su ba.

Malam_Habu_Duwatsu:
Wannan shi ne babban asara, domin ƙashin da aka raba da dutsensa kamar wasiƙa ce da aka yage adireshinta. Akwai shirin gina gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas, domin karɓar abin da aka fita da shi, amma gini kaɗai ba zai wadatar ba idan babu 'yan ƙasa da suka koyi sassaƙe dutse daga jikin ƙashi, aikin da kan ɗauki shekaru a kan dabba guda.

Bari in koma kan shekara hamsin da Malam Ɗan Tawa ya tambaya tun farko, wadda har yanzu ba a amsa ba. A bayan kada akwai faifan ƙashi a ƙarƙashin fata, kuma suna ajiye zobe ɗaya a kowace shekara kamar gindin itace. An yanka na wani Sarcosuchus da bai gama girma ba, aka ƙirga zobe wajen 40, daga nan aka ƙiyasta cewa yana kaiwa shekara 50 zuwa 60 kafin ya cika. Arba'in ɗin ƙirge ne, sittin ɗin ƙiyasi. Haka tsawonsa, an fara cewa mita 11 zuwa 12, daga baya wani lissafi ya rage shi zuwa kimanin 9 da rabi, saboda daga girman kai ake auna sauran jikin.

Dakta_Rabi_Dabbobi:
Ni ma zan ba Malam Mai Tantama gaskiyarsa a wuri ɗaya. Ouranosaurus yana da dogayen ƙasusuwa a tsaye a gadon bayansa. Wasu sun ce fata ce ta lulluɓe su kamar tanti domin daidaita zafin jiki, wasu sun ce tozo suke ɗauke da shi, kuma har yau ba a rufe maganar ba. Na sha feɗe raƙumi, kuma babu wani ƙashi a cikin tozonsa. Da raƙumi ya ƙare a duniya aka bar mana ƙwarangwal kawai, da mun zana shi da shafaffen baya, kuma da babu wanda zai gane mun yi kuskure.

Ɗan_Tawa62:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na karanta wa yarinyar bayanin Malam Habu na kogi da kifi, ta gamsu, amma ta ce in tambaya ko kadan yana cin Nigersaurus idan ya zo shan ruwa. Ni kuma maganar tozon raƙumi ta dawo min da rabin shakkata, domin hotunan da ake zanawa har launin fata ake sa musu.

Injiniya_Sani_Gusau:
Launin waɗannan na Nijar zaɓin mai zane ne, ka ɗauke shi a haka. Game da tambayar yarinyar, masana sun rabu. Sereno yana ganin girman kan da ƙarfin haƙoran sun isa ya kama ƙananan dabbobin da suka zo bakin ruwa, wasu kuma suna ganin dogon bakin ba zai jure murɗawar da kada yake yi idan ya kama babbar dabba ba, saboda haka kifi ne yawancin abincinsa.

Basakkwace_na_Asali:
Malam Habu, har yanzu akwai biyu daga cikin duwatsun nan masu zanen tauraro a ɗakin mahaifiyata. Idan na je gida ƙarshen wata zan ɗauki hotonsu in turo, ka faɗa min ko wace halitta ce. Shin in wanke su da ruwa kafin in ɗauka, ko in bar ƙasar da ke jikinsu?